Jitar da Aka Nuna wa Wuta

Ku yi mini afuwa, manya da malamai, da na yi karambanin ɗaukar alƙalami alhali ban kai ba. Wannan ne labari na farko da na taɓa rubutawa. In kun ga inda ya karkace ku miƙe shi a zuci, kada ku tsaya tambayar 'yar gidan wa ce.

A Wudil, can gangaren gari ta wajen kogi, an yi wani tsoho ana ce masa Maikano. Makaɗin garaya ne, wurin ubansa ya gada, kuma da hannunsa yake sassaƙa ta, ya rufe ta da fata, ya ɗaura mata tsarkiya. Daga Lajawa har Ɗankaza, duk wanda garayarsa ta tsage ko ta yi shiru, zauren Maikano yake nufa. Zauren nan kullum warin jima da hayaƙi yake yi, don ba a raba shi da kaskon garwashi a gefe. Fata ba ta son sanyi. Da damina ta sauka sai ta saki, murya ta dushe, sai Maikano ya kara ta a wuta yana jujjuyawa, yana ƙwanƙwasa da farce, har ya ji ta ce kau. Sannan ya miƙa wa mai ita ya ce, "Ga ta nan, ta farka."

Ɗansa na fari shi ne Ƙasimu. To, kun dai san yadda ake yi da ɗan fari. Tun ran suna Maikano bai taɓa kama sunan da bakinsa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye. Da aka yaye shi, yayar Maikano, Hansai, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ta ɗauke shi ta goya. In Maikano na da magana sai ya dubi bango ya ce, "Yaya, ki gaya wa yaron nan kaza," ko da kuwa yaron nan yana tsugune a gabansa. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Haka ya tarar ana yi, haka ya yi.

Ƙasimu ya taso da kunnen kiɗa, kowa na cewa gida ya sami magaji. Sai aka zo ɗibar soja, ya bi, aka kai su yaƙin Bama. Da ya dawo bai zo da wani abin kirki ba sai takalman soja, da wani abin kiɗa na katako mai tsukakken ƙugu da dogon wuya da wayoyi shida, wai jita. Wani abokinsa soja mutumin ƙasar Gwalkwas ne ya koya masa a bariki, da abokin ya mutu a can sai ta zama tasa. Garaya kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Da la'asar sakaliya sai ya tafi gindin ceɗiyar bakin tasha, direbobi da 'yan dako su kewaye shi, ana tafi ana shewa.

Maikano bai taɓa zuwa ya saurara ba. In hanya ta bi da shi ta wajen, sai ya ratse ta bayan rumfunan mahauta. Wata rana dai abin ya ishe shi, ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Yaya, ki gaya wa yaron nan, ranar da akwatin nan nasa ya kwana a zaurena, murhu zai karya kumallo da shi."

Hansai ta ce, "Ya ji. Kunnensa ƙalau."

Shekaru suka shuɗe a haka. Ƙasimu ya zama direban motar gyaɗa, jita na bayan kujerarsa duk inda ya nufa. Sai tari ya kama shi. Tun ana cewa ƙurar hanya ce, har ya fara tofar da jini, har sitiyari ya gagare shi. Aka mai da matarsa da 'ya'yansa gidan iyayenta a Lajawa don kada su ɗauka, shi kuma aka kwantar da shi a ɗakin Hansai, ɗakin da ya girma a ciki.

Daminar wannan shekarar ta zo da marka. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, bango ya jiƙe, tabarma ta yi fumfuna, gishiri ya narke a ƙoƙo. Jita na rataye a bangon da ruwa ke bugu, cikinta ya kumbura, wayoyin suka ɗaga suka yi nisa da wuya. Mai ƙarfi ma sai ya yi da gaske zai danne su, balle wanda yatsunsa suka koma kamar tsinke.

Daga zaure Maikano yana jin kome. Zai ji an taɓa waya ta ce zurr, a mace, sai a sake, sai tari ya biyo baya, dogo, sai shiru. Gobe ma haka. Shi makaɗi ne, ya san abin da ke cikin ran mutum ranar da abin kiɗansa ya ƙi hannunsa. Wuƙar sassaƙa tana hannunsa amma ya kasa yanka kome.

Ran nan da hantsi Hansai ta fito da jita riƙe a wuya kamar kazar da za a kai wa mahauci, ta jingine ta gindin rumbu.

"Ina za ki da ita?"

"Ya ce in kawar masa da ita daga gabansa. Wai ganinta na ƙara masa ciwo." Ta share ido da gefen zane. "Abu ɗaya da ya rage masa ke nan a duniya, shi ma ya juya masa baya."

Ta ɗauki tulu ta fita. Maikano ya dubi ƙofar ɗakin, asabari a sake, ba motsi. Ya tashi sannu ya ɗauko jita ya shige zaure da ita.

Wannan ne karo na farko da ya taɓa ta. Ya yi mamakin rashin nauyinta. Ya leƙa ramin cikinta, ya shafa 'yan ƙarafan da aka jera a wuyanta, ya murɗa kunnuwan da ke jan wayoyi. Ya ga jakinta, wato guntun itacen nan da tsarkiya ke hawa kai, a manne yake da fuskar katakon, ba kamar na garaya da ake ɗora shi kawai bisa fata ba. Ya ƙwanƙwasa fuskar da farce. Ta ce dum, a sanyaye.

"Ai ga ciwonki nan," in ji shi. "Sanyi ne ya kama ki, ba kome ba."

Ya jawo kasko ya hura garwashi. Ya kara fuskar jita a wuta yana jujjuyawa, yadda ya yi wa garaya sau ba adadi. Ya ƙwanƙwasa. Wallahi sai ya ji ta ɗan washe. Zuciyarsa ta yi fari. Ya riga ya fara tsara yadda zai mai da ita gindin rumbu ya yi kamar bai san zancen ba, Hansai ta shigar da ita, yaron nan ya taɓa ya ji ta farka, kada kowa ya ce kome. Ya ƙara matso da ita kusa da wuta, ya murɗa kunnuwan ya ƙara ɗaure wayoyi. Wani wari ya taso kamar na ƙonannen kofato. Bai san warin ba, don haka bai tsaya ba.

Sai ƙara, tas, kamar an harba bindigar toka a cikin zaure. Jakin ya ɓalle ya bugi bango, wayoyi suka watse, ɗaya ta tsarge masa bayan hannu. Fuskar jita ta tsage tun daga ramin har gindi.

Yana zaune riƙe da ita bisa wuta, bai ma iya janyewa ba, sai hasken ƙofar cikin gida ya dushe. Ƙasimu ne, ya jawo jiki yana dafe da bango, riga ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya dubi kasko, ya dubi jita, ya dubi ubansa. Hansai ta shigo a guje, tulu a ka, ruwa na zuba mata a wuya.

Ƙasimu ya ce, "Gwaggo, kin gani? Ya cika alkawari."

Ya juya yana bin bango har ɗaki, ya kwanta ya ba ƙofa baya. Kokon da aka kai masa ranar haka aka fito da shi.

Hansai ta dawo zaure ta tsaya a kan ƙanenta. "Maikano, tsufa ne ko hauka? Mutum na kwance rai a hannun Allah, ka rasa abin da za ka yi masa sai wannan?"

"Gyara na so in yi, Yaya. Na ji ta yi sanyi ne."

"Da wuta?"

"Da me ake yi? Tun ina yaro da me kika ga ana yi?"

Ta dubi jinin da ke bin yatsunsa. Ta yage bakin tsumma ta ɗaure masa da ƙarfi, har ya ce wash. "To, tashi ka je ka faɗa masa."

"In ce masa me?"

"Abin da ka ce mini yanzu."

"Ke dai ki gaya masa."

Ta tafi. Ba ta jima ba ta komo. "Na gaya masa. Ya ce rufa maka asiri nake yi don kai ƙanena ne. Ya ce da kunnensa ya ji ka rantse, yau kuma da idonsa ya gani. Maikano, yaron nan ba zai ga kaka ba, kai ma ka sani. In ya tafi da wannan a ransa, ka san yadda za ka kwana."

Maikano ya tashi har ya kai bakin asabari. Yana jin numfashin ɗansa, yana fita da ƙyar kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ya buɗe baki. Shekara talatin da ɗoriya bai taɓa fara magana da shi ba, bai san ta inda ake farawa ba, ba shi ma da sunan da zai kira. Ya yi gyaran murya, ya koma zaure.

Kashegari ya naɗe jita cikin tsohon buhu don kada a gani, ya nufi rumfar Haladu kafinta a bakin kasuwa, wanda ke yin bencin makaranta da jikin manyan motoci.

"A'a, Baba Maikano da kansa! Ina kwana, ina gajiya? Yaya ruwa? Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Yaya aiki?"

"Aiki da godiya. Me ka ƙunso haka kamar kayan sata?"

Maikano ya kwance buhu. Haladu ya ajiye guduma, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Jitar Ƙasimu ce wannan. Mota ce ta taka ta?"

"Wuta na nuna mata."

"Ka nuna mata wuta? Baba, tsire ce?"

"Kai, ban zo wasa ba."

Haladu ya sunkuyar da kai. Ya jawo shi wajen wani gwangwani da ke zaune cikin ruwan zafi bisa murhu, ya tsoma tsinke ya ɗago, wani abu mai yauƙi ruwan ƙasa ya biyo shi. Warin nan ne na jiya. "Ka ga wannan? Gam ke nan, da fata da kofato ake dafa shi. Duk jikinta da shi aka haɗa. Kai wuta ke ɗaure maka fata, ni kuwa wuta ke kwance mini gam. Ka narkar da shi, ga wayoyi shida na ja, dole ya ɓalle. Katakon kuma ya sha ruwa ka busar da shi farat ɗaya, ina zai jure? Ko rana ba a barin irin wannan a ciki."

"To, da me ya kamata in yi?"

"Ba kome fa. Ka sassauta wayoyi, ka rataye ta inda iska ke ratsawa, ta bushe a hankali don kanta. In har yanzu sun yi tsayi, ka zare ɗan farin ƙashin nan na kan jaki, ka goge gindinsa a dutse kaɗan, su sauko. Shi ke nan."

Maikano ya daɗe yana kallon ɗan farin ƙashin a tafin hannunsa. Abin bai kai tsawon yatsa ba.

"Tana gyaruwa?"

"Za ta haɗu dai. Amma kada in ruɗe ka, Baba, muryar ta tafi. Kuma fuskar nan ba za ta sake ɗaukar waya ba, in ka ja za ta buɗe. Bar mini ita in gwada."

"A'a. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ka dai nuna mini."

Haladu ya nuna masa. Ya ɗebar masa gam, ya fere masa 'yan siraran katako da zai liƙa ta ciki su riƙe tsagar. Ya ce ya kankare tsohon gam sarai kafin ya sa sabo, ya ɗaure, ya ajiye a inuwa. Har Maikano ya yi nisa ya ƙwala masa kira, "Baba! A inuwa fa na ce! Ka kashe kaskon nan naka!"

Ya kuwa kashe. Tun da aka gina zauren ba a taɓa ganinsa ba wuta ba sai ranar. Maikano ya zauna cikin sanyi yana kankara da bakin wuƙa. Hannunsa ya ƙi shiga ramin jita, sai da ya lanƙwasa kara ya riƙa tura 'yan katakon da shi ɗaya bayan ɗaya, yana lalube kamar makaho. Ya mai da jaki gurbinsa, ya yi masa matashi da tsumma, ya ɗaure da igiyar fata. Ya goge gindin farin ƙashin a dutsen wasa wuƙa. Saura tsarkiya. Tunda waya ta haramta, sai ya ɗauko garayarsa, wadda ya gada wurin ubansa, ya kwance tsarkiyoyinta biyu na jijiya. Sauran huɗun ya zauna ya murɗa sababbi a cinyarsa, kowace ta fi ta gabanta siranta.

Duk wannan bai ba shi wuya ba kamar jira. Marka ta ƙi ɗaukewa, gam ya ƙi bushewa. Kullum da safe sai ya danna farce a bakin jaki ya ji da sauran laushi. Idonsa ya kai kan kasko, ya kau da kai.

Hansai kan leƙo. "Yau ko ruwa da ƙyar ya haɗiya."

"Ya yi magana?"

"Ya tambayi 'ya'yansa. Kai bai tambaye ka ba." Ta dubi jita a ɗaure kamar mai karaya. "Ban san wanda zai riga wani ba, shi ko gam ɗin nan naka. Bakinka fa ba ya bukatar bushewa, Maikano."

Ya sake danna farce a bakin jaki.

Ran da farce ya ƙi shiga, bayan azahar ne, ana yayyafi. Ya kwance igiya, ya ɗaura tsarkiyoyi, ya ja su sannu yana sauraron ko katako zai yi ƙara. Bai yi ba. Sai dai a nan ya tarar da abin da bai yi tunani ba: bai san yadda ake daidaita tsarkiya shida ba. Biyu ya sani. Ya ɗauki jita ya ratsa tsakar gida, ya zauna ƙarƙashin indararon ɗakin Hansai, bayansa jingine da bango, asabari a gefensa. Ya daidaita biyun sama irin na garaya, ya bar sauran yadda suka ga dama, ya kaɗa.

Abin da ya fito ba shi da daɗin ji ko kaɗan. Akuyar da ke fakewa gindin rumbu ma sai da ta ɗago kai. Ya sake kaɗawa. Ya sake.

Daga ciki aka yi tari. Sannan wata murya siririya ta ce, "Gwaggo, wa ke yanka jaki a bayan ɗaki?"

Hansai na bakin ƙofa tana tsince wake. "Ubanka ne."

Maikano ya sake kaɗawa, don bai san abin da zai yi ba in ba haka ba.

"Ki ce masa ta biyun ta yi sako-sako. Ya danne ta sama a ƙarfe na biyar, ya ja ta ƙasanta har su yi murya ɗaya."

Hansai ta juyo. "Wai ka danne ta biyar a ƙarfen sama."

"Ba haka na ce ba, Gwaggo."

"To, ni na san ƙarfenku? Wai ka ja ta ƙasa dai."

Maikano ya riga ya ji. Ya ƙirga ƙarafa da yatsa, ya danne, ya murɗa kunne har muryoyin biyu suka haɗu suka zama ɗaya. Kunnensa bai tsufa ba.

"Haka. Ki ce ya yi wa ta gaba ma haka. In ya zo ta huɗu, ita a ƙarfe na huɗu ake danne ta, ita ce mai taurin kan."

"Gado ta yi," in ji Hansai.

Da aka gama, ta karɓi jita ta shigar. Maikano ya kasa kunne. Ya ji ana shafa katako, ana bin tsagar da yatsa. An daɗe.

"Wannan ba waya ba ce. Gwaggo, tsarkiyar garayar Kaka ce wannan, na san ta. Wa ya sauke ƙashin?"

"Wa kake gani? Kwana da kwanaki yana zaune cikin sanyi ba wuta, kamar mai takaba."

Aka taɓa tsarkiya ɗaya daga ciki, ta amsa.

"Tambaye shi, me ya kai shi sa ta a wuta?"

Maikano ya dubi ruwan da ke ɗiga daga indararo. "Yaya, ki gaya masa na ji ta yi sanyi ne. Garaya in ta yi sanyi, wuta ake nuna mata. Na ɗauka duk ɗaya ne."

Hansai ba ta maimaita ba, ba a kuwa bukata. Daga ciki wani sauti ya taso, Maikano ya zabura yana tsammani kuka ne, ashe dariya ce. Ƙasimu ke dariya, tana fita guntu-guntu, har ta juye ta zama tari, tarin ya daɗe bai sake shi ba. Da ya lafa ya ce, "Gasa ta ya yi, Gwaggo. Don ta farka." "Ki gaya masa..."

"Ni na gaji," in ji Hansai. Ta tattara wakenta ta miƙe. "Tun kana zanen goyo nake kai saƙo tsakaninku, ƙafata ta ƙare. Ga shi, ga ka, bango ne kawai." Ta wuce madafa, ta ja ƙyaure.

Aka bar su da yayyafi. Maikano ya ji kamar ya tashi ya gudu, amma ya zauna inda yake.

Sai aka fara kaɗawa. A hankali, ana yi ana hutawa. Muryar a dushe take, akwai wani zurr da ke bin tsagar, amma kowace tsarkiya na faɗin abin da aka sa ta. Wani kiɗa ne mai sanyi, mai hawa da sauka, tsarkiya uku huɗu na magana lokaci guda ba mai katse wata. Maikano bai taɓa jin irinsa ba. Babban yatsa na riƙe da gindin kiɗan, sauran na yawo a sama, yadda shi ma yake yi a garaya, yadda ubansa yake yi. Ashe abin da ake yi ke nan a gindin ceɗiya, shekara da shekaru, lokacin da take da muryarta shi kuma yake da ƙarfinsa, yana ratsewa ta bayan rumfunan mahauta.

Sabuwar jijiya ba ta zama wuri ɗaya. Ba a jima ba ɗaya ta saki, kiɗan ya karkace ya tsaya. Maikano ya ji ana kokawa da kunnen, ana nishi. Sai asabari ya motsa, kan jita ya leƙo waje, yana rawa.

"Baba, murɗa. Na ukun."

Ya kama kunnen da yatsu biyu ya murɗa kaɗan, ana taɓa tsarkiyar daga ciki.

"Ya isa?"

"Ƙara kaɗan. Ya isa."

Ita ce tambaya ta farko da ya taɓa yi masa ba kowa a tsakani.

"Muryarta ta tafi, Baba."

"Ta tafi."

"Amma tana dannuwa. Ta fi waya laushi." Ya numfasa. "In an gama a riƙa sassauta su. Fuskar ba za ta jure a bar ta a ɗaure ba."

"To."

Haka suka yi har aka kira la'asar. A kaɗa kaɗan, tsarkiya ta saki, kan jita ya leƙo, tsoho ya murɗa. Ba su yi wata magana ba bayan wannan. Kashegari ma sun yi, da wanda ya bi masa, sai dai kullum kiɗan na gajarta. Daga baya sai ya zama jitar na kwance bisa ƙirjinsa kawai, yana taɓa tsarkiya ɗaya, Maikano na zaune a waje yana jiran a miƙo.

Ƙasimu bai ga kaka ba. Gero na fitar da kai ya cika, ran wata Laraba da hantsi.

Aka yi zaman makoki a ƙofar gida. Direbobi suka zo, maharban da Maikano ke yi wa kiɗan garaya suka zo, Haladu ya kawo benci. Maikano na zaune bisa buzu, ido a bushe, yadda ya kamaci uba a kan ɗan fari. Ana ce masa, "Allah ya ji ƙansa," yana cewa, "Amin, na gode." Mutane suna ta yaba haƙurinsa. Da jama'a suka miƙe yin alwala, ya shiga cikin gida, ya tarar da jita a kan shimfiɗar da ba kowa, tsarkiyoyi a ɗaure yadda aka bar su. Ya zauna bakin gadon, a ciki wannan karon, ya ɗora ta a cinya, ya sassauta kunnuwan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na ukun, hannunsa ya tsaya. Hansai ta leƙo, ta ga bayansa na girgiza, ta saki asabari ta koma.

Ni ma a nan zan bar shi, bai kamata a tsaya ana kallonsa ba. Bari in ɗauki takalmana a hannu in bi ta ƙofar baya, tun mutane ba su dawo daga salla ba.